Jirage 16 Ba Komawa: Yadda Amurka Ta Shirya Ramuwar Pearl Harbor

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta isar su saurare da kuma waɗanda suka ce sun fi gane karatu. Yadda na faɗa haka aka buga, sai 'yan gyare-gyare.

Yau tarihi za mu shiga, amma ba irin na haddar shekaru don cin jarrabawa ba. Bahaushe ya ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. To amma kafin ta yi zafin nan, akwai mutanen da sai sun zauna da fensir da taswira sun yi lissafi. Su wa suka zauna, me suka lissafa, me suka bari a waje, shi nake so mu duba. Labarin harin Doolittle ne, wanda Amurka ta kai wa Japan ranar 18 ga Afrilu, 1942.

Ranar Lahadi 7 ga Disamba, 1941, da sassafe, jiragen Japan suka faɗa wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Hawaii. Mutum 2,403 suka mutu. Daga nan Japan ta shiga cin ƙasashe kamar wutar daji: Guam, tsibirin Wake, Hong Kong, sai Singafo a 15 ga Fabrairu, 1942. A Filifins sojojin Amurka na ta ja da baya. Duk safiya Ba'amurke ya buɗe jarida, labarin asara zai gani.

Mako biyu da harin, ranar 21 ga Disamba, Shugaba Franklin Roosevelt ya tara manyan hafsoshinsa a Fadar White House ya ce a nemo hanyar da za a jefa bam a cikin Japan kanta, da wuri. Ku lura da wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake. Ba wanda ya yi tunanin 'yan bama-bamai za su karya Japan. Zuciya ake nema a taɓa: a ɗaga ta Amurkawa da ta yi sanyi, a kuma sa Japanawa su fara shakkar shugabanninsu da suka gaya musu ba mai iya taɓa ƙasarsu. Wato umarni ne na siyasa, aka miƙa wa soja aka ce su mai da shi aiki.

Matsalar ita ce nisa. Amurka ba ta da filin jirgi ko ɗaya da jirgi zai tashi ya kai Tokiyo. Akwai manyan jiragen ruwa masu dakon jiragen sama, amma ƙananan jiragen da ke tashi a kansu ba sa cin dogon zango, sai an matsa da uwar jirgin har kusa da gaɓar Japan. Su kuwa waɗannan jiragen dako su ne abin da ya rage wa Amurka a Tekun Fasifik, Allah ya sa ba sa cikin tashar ranar da aka kai hari. Kai su bakin Japan kamar ka ɗauki jarinka duka ka aza a faifan caca ne.

Wanda ya kawo dabarar ko matuƙin jirgin sama ba ne. Kyaftin Francis Low sunansa, mutumin jirgin ƙarƙashin teku, yana aiki a ofishin Admiral Ernest King, shugaban rundunar jiragen ruwa. Ya je Norfolk a jihar Virginia, sai ya ga wani filin jirgi da aka zana siffar doron jirgin dako a kan titinsa don atisaye, ga kuma manyan jiragen sojan ƙasa masu inji biyu suna wucewa ta kai. Sai tambaya ta zo masa: shin irin waɗannan manyan, masu dogon zango, ba za su iya tashi daga kan jirgin ruwa ba? Ranar 10 ga Janairu, 1942 ya kai wa King maganar. King mutum ne mai zafi, ba a kai masa shirme, amma bai kore shi ba. Ya sa Kyaftin Donald Duncan, mai kula da harkar jiragen sama a ofishinsa, ya zauna ya yi lissafi. Da lissafi ya nuna akwai hanya, aka kai wa Janar Henry Arnold, shugaban sojan sama, shi kuma ya damƙa aikin a hannun Laftanar Kanar James Doolittle.

Wannan Doolittle ɗin, shekararsa 45 a lokacin. Mutane sun san shi da tseren jirage da ganganci a sama, amma yana da digirin digirgir a injiniyancin jirgin sama daga jami'ar MIT tun 1925, kuma a 1929 shi ne ya fara tashi da jirgi ya sauka ba tare da yana ganin waje ba, da na'urori kawai. Wato mai ganganci ne da ya iya lissafi, irin su ba su da yawa.

Abin da ake buƙata a takarda shi ne jirgin da zai ɗauki bam kusan kilo 900, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,400, kuma ya iya ɗagawa a ɗan gajeren doron jirgin ruwa. Aka duba B-26, aka ga tashinsa na son dogon fili. Aka duba B-23, fukafukansa sun yi faɗi, zai iya gogar ginin da ke gefen doron, kuma kaɗan ne za su shiga. Aka tsaya a kan B-25. A farkon Fabrairu aka gwada guda biyu a kan sabon jirgin dako mai suna Hornet, suka tashi lafiya.

To ga inda gizo ke saƙa. B-25 zai iya tashi daga kan jirgin ruwa, amma ba zai iya sauka a kansa ba. Ya yi girma, ya yi nauyi, ba shi da ƙugiyar da ke kama igiya ta tsayar da jirgi. Saboda haka tun ranar farko an san tafiya ce ba komawa: a tashi a teku, a jefa bam a Japan, a wuce gaba a sauka a ƙasar wani. Ƙasar wa?

Mafi kusa ita ce Tarayyar Sobiyet, garin Vladivostok. Aka nema, ba a samu ba. Stalin na fama da Hitler a yamma, kuma tun Afrilun 1941 yana da yarjejeniyar ba-ruwan-juna da Japan, ba zai jawo wa kansa yaƙi na biyu ba. Sai aka juya ga ƙasar Sin, wadda take yaƙi da Japan tun 1937. Aka tsara jiragen za su sauka a filayen lardin Zhejiang, musamman na garin Quzhou, su sha mai, su wuce Chongqing inda gwamnatin Chiang Kai-shek take zaune. Ku riƙe wannan sunan na Zhejiang, za mu dawo kansa.

Yanzu bari in ɗan daɗe a kan mai, domin wallahi duk harin nan lissafin mai ne. B-25 na ɗaukar galan 646. Aka mai da shi 1,141. Aka cusa tanki a ɗakin bam, aka shimfiɗa wani na roba a lungun da ma'aikata ke rarrafawa daga gaba zuwa baya, aka cire bindigar ƙasan jirgin aka sa wani tankin a gurbinta, sannan aka ƙara jarkoki na galan biyar-biyar da mutum zai riƙa juyewa da hannu suna cikin tafiya. Duk abin da ke da nauyi kuma ba dole ba aka fitar, har babbar rediyo, tunda dai an ce ba mai magana a hanya. A wutsiya, inda babu bindiga, aka kafa sanduna biyu irin na tsintsiyar Bature aka shafa musu baƙin fenti, don matuƙin Japan ya hango ya ɗauka bindigogi ne. Akwai wata na'urar saitin bam mai suna Norden, sirri ce babba a lokacin, ga tsada. Aka cire ta, saboda tsoron kada ta faɗa hannun abokan gaba, kuma daman ba ta da amfani idan jirgi na tafiya ƙasa-ƙasa. Wani matuƙi cikinsu, Kyaftin Ross Greening, ya ƙera madadinta da guntayen ƙarfe, kuɗin kayan bai wuce santi 20 ba. Kowane jirgi bam huɗu kacal zai ɗauka, kowanne kusan kilo 225, a yawancin jiragen uku masu fashewa, ɗaya mai ta da gobara.

Mutanen kuwa, daga runduna ta 17 ta masu jefa bam aka nemi 'yan sa-kai. Abin da aka gaya musu kawai shi ne aikin na da haɗari ƙwarai, ba a faɗi ko ina ne ba. Suka yi mako uku a filin Eglin a Florida cikin watan Maris, wani matashin hafsan sojan ruwa, Laftanar Henry Miller, yana koya musu yadda za su fizge jirgi mai cike da kaya daga ƙasa a tazarar da ba ta kai mita 150 ba. Mutanen da suka saba da doguwar kwalta. Kuma har ranar harin babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa tashi daga kan jirgin ruwa na gaske, layi ne aka zana musu a ƙasa.

Wani abin dariya, shi Doolittle ba a so ya je ba, an ɗauke shi ya shirya ne kawai. Kamar yadda ya ba da labari da kansa, ya matsa wa Arnold, Arnold ya ce to je ka tambayi Janar Harmon, in ya yarda shi ke nan, yana nufin zai buga wa Harmon ya ce ya hana. Doolittle ya gane, ya ruga a guje ofishin Harmon ya ce Arnold ya amince in kai ka amince. Harmon ya ce ba komai. Yana fita ya ji Arnold ya kira, ya ƙara wa ƙafarsa mai.

Sirrin da aka riƙe ya yi amfani, amma shi ma ya ci kuɗinsa. Da jiragen suka isa wata ma'aikatar gyara ta soja a Sacramento, makanikan wurin ba su san komai ba, suka ɗauka gyara ne na yau da kullum, suka taɓa kafiretocin da aka sha wahala aka saita don su rage shan mai. Mutum ya zo taimako ya yi ɓarna, saboda ba a gaya masa ba.

Ranar 1 ga Afrilu aka ɗora jirage 16 a kan Hornet a Alameda, kusa da San Francisco, washegari suka kama hanya. Sai da suka yi nisa a teku kyaftin ɗin jirgin, Marc Mitscher, ya sanar ta lasifika cewa Tokiyo aka nufa. Da yake manyan jiragen sun cika doron, Hornet ba ta iya tashin nata jiragen kariya, an tura su ƙasa. Dole aka haɗo ta da wani jirgin dakon, Enterprise, ƙarƙashin Admiral William Halsey, ya yi mata rakiya. A wannan lokacin jiragen dako huɗu Amurka take da su masu aiki a Fasifik. An ɗauki biyu, rabi ke nan, an tura bakin kura don a jefa bam 64. Ni dai duk lokacin da na zo nan sai na tsaya. Da Japan ta nutsar da biyun nan, yau da wani labarin muke bayarwa, kuma da sunan Doolittle ya zama abin zagi.

Tsarin ya ce za a matsa har kusan kilomita 800 zuwa 900 daga Japan. Doolittle zai tashi shi kaɗai da yamma, ya isa Tokiyo da almuru ya kunna gobara, sauran su biyo hasken wutar cikin dare, gari na wayewa suna kan ƙasar Sin suna ganin filin sauka. Doolittle ya kuma kafa doka: ba mai taɓa fadar Sarkin Japan. Wasu matasan sun so, ya hana, don ya san hakan haɗa kan Japanawa zai yi ya ƙara musu taurin kai.

Abin da ba su sani ba, Japan ta jera ƙananan jiragen kamun kifi masu rediyo can cikin teku, sama da kilomita dubu daga gaɓarta, suna gadi. Safiyar 18 ga Afrilu, ƙarfe 7:38, ɗaya daga cikinsu, Nitto Maru, ya hango su ya aika saƙo gida. Jirgin yaƙin Amurka Nashville ya buɗe masa wuta, ga igiyar ruwa tana ɗaga shi tana saukewa, sai da aka harba manyan harsasai sama da 900 kafin ɗan jirgin kamun kifi ya nutse.

Yanzu ka sa kanka a matsayin Halsey. An gan ka. Saura kimanin kilomita 1,200 zuwa Japan, wato ka gaza inda aka tsara da sama da kilomita 300. In ka ci gaba, kana iya rasa jiragen dako biyu. In ka juya, wata uku na shiri ya tashi a banza. In ka ce su tashi yanzu, za su isa Tokiyo da rana tsaka kowa na ganinsu, su isa Sin cikin dare, in ma man ya kai su. Halsey ya zaɓi na uku, ya ce su tashi. Ya ceci jiragen ruwansa, nauyin ya koma kan mutum 80 da ke cikin jiragen sama.

Ƙarfe 8:20 Doolittle ya fara tashi, da fili mita 142 a gabansa, ga iska ga ruwa na dukan doron. An ja fararen layuka biyu a ƙasa, ɗaya na tayar gaba ɗaya na tayar hagu, in ka kauce fiffikenka na dama zai daki ginin jirgin. Mai ba da tuta yana auna lokacin da goshin jirgin ruwan zai ɗago sama kafin ya sake su. Cikin awa ɗaya duka 16 suka tashi. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya zame ya faɗa kan farfelar jirgi na ƙarshe, ya rasa hannu.

To me ya sa Japan ba ta tare su ba, alhali saƙo ya isa? Nan ne dabarar Low ta biya. Hafsoshin Japan sun yi lissafi da abin da suka sani: jiragen da ke tashi daga jirgin dako gajeren zango gare su, don haka sai Amurkawa sun ƙara matsowa, hari ba zai zo ba sai washegari. Suka shirya wa gobe. Ba wanda ya kawo cewa manyan jiragen sojan ƙasa ne a kan doron. Har ma a safiyar an yi atisayen kariya daga harin sama a Tokiyo, shi ya sa da jiragen suka shigo ƙasa-ƙasa wajen tsakar rana, wasu mutane suka riƙa ɗaga musu hannu sun ɗauka nasu ne.

Aka jefa bam a Tokiyo, Yokohama, Yokosuka, Nagoya da Kobe. An nufi masana'antu, ma'ajiyar mai da wuraren ƙera jiragen ruwa, an kuma samu wani jirgin da ake mayarwa na dako, Ryuho, a Yokosuka. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba. Amma mutum aƙalla 50 sun mutu, ɗaruruwa sun ji rauni, kuma akwai fararen hula a ciki har da 'yan makaranta. Wannan ba a cika faɗarsa a fina-finai ba. Ba a harbo ko jirgi ɗaya a kan Japan ba.

Daga nan sai tsarin ya fara warwarewa. Bisa lissafi man ba zai kai su gaɓar Sin ba, a teku za su faɗa. Sai Allah ya kawo wata iska ta riƙa tura su ta baya na tsawon sa'o'i, ta ƙarasa da su. Suka iso bayan kusan awa 13 a sama, cikin dare da ruwan sama da hazo, a yankin duwatsu. Na'urar rediyon da aka ce za ta jagorance su zuwa fili ba a kafa ta ba. Ba a sanar da mutanen filin cewa an tashi da wuri ba. Da suka ji ƙugin jirage sun ɗauka Japanawa ne, suka kashe fitilu. Jirage 15 suka salwanta: yawanci mutanen suka diro da laima cikin duhu, wasu suka faɗa bakin teku. Na 16, na Kyaftin Edward York, man sa ya riƙa zurarewa fiye da ƙima, ya juya ya sauka kusa da Vladivostok. Sobiyet suka riƙe jirgin, suka tsare mutanen biyar sama da shekara kafin suka fita ta Iran a 1943.

Ku duba bambancin. Ɓangaren tashi an yi masa atisaye na mako uku, an auna shi da mita da galan. Ɓangaren sauka kuwa, wanda ke ƙasar wasu, an bar shi a kan saƙonnin da ba su fito fili ba. Hatta 'yar jimlar Sinanci da aka koya musu a jirgin ruwa, wai su ce su Amurkawa ne, mutanen ƙauyukan da suka faɗa ba su gane ta ba, harshen yankin daban ne. Duk wanda ya taɓa shirya ko da ɗan gangami ne ya san wannan cutar: a ƙare ƙarfi a kan yadda za a fita, ba a zauna a kan yadda za a koma gida ba.

Cikin mutum 80, uku suka mutu a daren. Japanawa suka kama takwas, suka harbe uku a Shanghai ranar 15 ga Oktoba, 1942, ɗaya ya mutu a kurkuku, huɗu suka fito a Agustan 1945. Sauran 64 da suka faɗa Sin, manoma da masunta da 'yan sa-kai da malaman mishan ne suka tsince su, suka ba su abinci, suka ɗauki masu rauni a kafaɗa suka tsallake da su. Doolittle ya zauna a gefen tarkacen jirginsa yana cewa kotun soja za a kai shi, tunda ya rasa jirage duka. Sai ga shi an tsallake da shi muƙami zuwa Birgediya Janar, an ba shi lambar yabo mafi girma ta Amurka. 'Yan jarida suka tambayi Roosevelt daga ina jiragen suka tashi, ya ce daga Shangri-La, wani gari na almara da babu shi a duniya.

To mu koma Zhejiang.

Chiang Kai-shek bai so wannan shiri ba. Amurkawa ba su gaya masa cikakken abin da ake ƙullawa ba, suna tsoron sirri zai fita ta wajensa. An dai ce masa ya tanadi filaye da mai, jirage na zuwa. Da ya fahimci inda aka dosa ya nuna rashin yarda, ya nemi a jinkirta, domin ya san Japan za ta huce a kan mutanensa. Ba hasashe yake yi ba, abin da sojan Japan suka yi a Nanjing a 1937 duniya ta sani, Washinton ma ta sani. Amsar da ya samu ita ce aiki ya yi nisa, ba a fasawa.

Daga tsakiyar Mayu zuwa Satumban 1942 sojojin Japan suka mamaye lardunan Zhejiang da Jiangxi. Manufar soja ita ce su lalata filayen jirgi don kada a sake. Amma abin da aka yi ya wuce haka nesa, an bar jaki ana dukan taiki. Duk ƙauyen da aka san Ba'amurke ya bi, an ƙone shi. 'Yan kyaututtukan da matuƙan suka bar wa waɗanda suka taimake su don godiya, kwabbai, safar hannu, sigari, ƙyallen laima, su suka zama shaidar da aka kashe mutane da ita. Da za su janye, rundunar nan ta 731 mai gwajin cututtuka ta watsa ƙwayoyin kwalara da taifot da annoba a rijiyoyi da abinci. Adadin da aka fi ambata na Sinawan da suka mutu shi ne 250,000. Akwai masana tarihi da ke ganin bai kai haka ba, amma ba wanda ke musun cewa dubun-dubata ne. Chiang ya aika wa Washinton cewa a wuraren da matuƙan suka sauka ba a bar namiji ba, ba a bar mace ba, ba a bar yaro ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Wanda ya riƙe bindiga ya kashe, shi ne mai laifin kisa, sojan Japan ne. Kuma waɗannan matasa 80 jarumai ne, ba na rage musu komai. Magana ta a kan ɗakin da aka yi lissafi ce. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan waɗanda suka ɗebo suna Washinton, bakin da ya ƙone yana Quzhou. Mutumin da zai fi kowa biya shi ne aka fi ɓoye wa shirin, kuma da ya yi magana aka ce lokaci ya wuce.

Masu kare shirin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Harin ya kunyata hafsoshin Japan, jirgin abokan gaba ya ratsa saman fadar sarkinsu da rana. Suka riƙe rundunonin jiragen kariya a gida waɗanda da fagen daga za su tafi. Admiral Yamamoto daman yana da shirin kai hari tsibirin Midway don ya jawo jiragen dakon Amurka ya gama da su, wasu manyan na jan ƙafa, sojan ƙasa ba sa so. Bayan 18 ga Afrilu gardama ta mutu. Aka je Midway a farkon Yuni, Japan ta rasa jiragen dako huɗu: Akagi, Kaga, Soryu da Hiryu. Daga nan yaƙin Fasifik ya fara juyawa. Sai dai ni ina ganin ana ba harin Doolittle ladan da ba nasa duka ba. Ba wanda ya zauna a watan Janairu ya tsara cewa wannan zai haifi Midway. Abin da ya ba Amurka nasara a can, babbansa shi ne sun fasa sirrin saƙonnin sojan ruwan Japan sun san ana zuwa. Kuma saboda wannan tafiya ta Tokiyo, Hornet da Enterprise ba su samu halartar yaƙin Tekun Coral ba a farkon Mayu, inda Amurka ta rasa jirgin dakonta Lexington.

Af, kafin wani ya ce ina ruwanmu da yaƙin Japan: wannan yaƙin ne dai Turawan Ingila suka kwashi kakanninmu suka kai Bama, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, daga 1943. Wanda duk aka ce masa kakansa ɗan Bama ne, da sojan Japan ɗin nan ya gwabza. Wannan shiri ne na kansa, in Allah ya yarda za mu yi shi.

Waɗanda suka tsira cikin 80 ɗin sun riƙa haɗuwa duk shekara. Suna da kofunan azurfa 80, kowanne da sunan mutum ɗaya an rubuta shi sau biyu, a miƙe da a kife, don in mutum ya mutu a kife kofinsa a ci gaba da karanta sunan. Na ƙarshensu, Richard Cole, wanda ya zauna kusa da Doolittle a jirgi na farko, ya rasu a Afrilun 2019 yana da shekara 103. A Quzhou kuma, sai a 2018 aka buɗe ɗakin tunawa da harin da mutanen da suka ceci matuƙan.

Tambayar da zan bar muku a wurin sharhi guda biyu ce. Da kai ne Halsey ƙarfe 7:38 na safiyar nan, me za ka ce? Da kuma ke ce a kujerar Chiang, aka ce miki jirage na zuwa amma ba za a faɗa miki daga ina ba, za ki buɗe filin? Ku rubuta, zan karanta wasu a farkon shiri na gaba. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.